Dokin Marigayi Ya Gurgunce: In Sayar, In Bari, Ko In Hutar Da Shi?

Filin Tambayi Likitan Dabbobi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba Likita. Ya iyali, ya ƙoƙari? Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Garki a Jigawa, ina kuma taɓa noma. Dokin mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ya hana ni barci. Bidi ne, shekararsa uku da rabi. Marigayi ya sayo shi a kasuwar Maigatari yana duƙushi, ko shekara bai kai ba, ya ce in ya girma shi zai riƙa hawa a bayan hakimi da Sallah. Allah bai nufa ba, ya rasu bara da kaka.

Tun dokin yana shekara ɗaya da rabi ƙannena suka fara ɗora masa sirdi, suna sukuwa da shi a fako bayan gari in ana biki. Abincinsa dusa ce da dawa, mudu uku zuwa huɗu a rana, harawa kuwa sai in ta samu, ka san tsadarta da rani. Yau fiye da shekara ke nan yana ɗingishi. Da farko ƙafar baya ta dama, daga baya ta hagu, yanzu har wuyan ƙafar gaba ya kumbura. Gwiwoyin baya sun cika kamar an zuba ruwa a salka. An yi masa lalas sau biyu. Mai kemis ɗin garinmu yana yi masa allura, ya miƙe kwana uku, na huɗu a koma gidan jiya. Da asuba in zai tashi sai ya yi ta yunƙuri, wani lokaci sai na kama masa ragama. Amma yana ci, kuma in ya ji ƙarar babur ɗina yana haniniya.

Wani likitan dabbobi mai bautar ƙasa ya dube shi ya ce ciwon gaɓa ne, ba ya warkewa, gara a yi masa allurar da zai mutu cikin sauƙi. Baffanmu ya ce wannan zancen Turawa ne, a kai shi Maigatari ran Alhamis tun yana da sauran kuɗi a jikinsa, dillali ma ya zo ya taya. Innarmu ta ce muddin tana numfashi ba a kashe doki a gidan nan, ba a kuma sayar da shi, don shi take kallo ta tuna mijinta, kuma doki yana tare wa gida sharri. Ba a sa shi cikin rabon gado ba, a hannuna kawai aka bar shi. Baba, zai warke? In ba zai warke ba, kashe shi halal ne? Ko in bi ta Baffa?

Ɗanka, M., daga yankin Garki

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Ga abin da za ka kai wa Baffa da Inna yau da daddare: kada a kashe dokin nan a wannan watan, kada kuma a kai shi kasuwa, ko wannan Alhamis ko wata. Duk mutanen da ka lissafa, da mai lalas da mai kemis da ɗan bautar ƙasa da dillali, ba wanda ya gano takamaiman abin da ke cin dabbar nan. Ba a yanke wa rai hukunci da kallo daga bakin barga.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne mudu huɗun nan na dusa da dawa. Da sinadarai biyu ake gina ƙashi, kalsiyam da fosforas, kuma doki yana son kalsiyam ya rinjaya, kamar ɗaya da rabi ko biyu a kan ɗaya. Dusa da hatsi akasin haka suke, fosforas fal, kalsiyam ɗan kaɗan. Harawa, ta wake ko ta gyaɗa, ita ce mai kalsiyam. In aka cika wa doki mai tasowa ciki da dusa aka hana shi harawa, sai jikinsa ya shiga kwasar kalsiyam daga ƙashi yana zubawa cikin jini, kamar magidancin da ya rasa na cefane ya koma zare azarar ɗakinsa yana sayarwa. Ƙashi ya yi laushi, sai ka ga ɗingishi mai yawo, yau dama, gobe hagu, jibi gaba. Turawa ma sun san shi tun zamanin da masu niƙan alkama suke ciyar da dawakansu da dusa, suna ce masa ciwon dusa ko ciwon ƙaton kai.

Gobe da safe ka tsaya daidai gabansa ka dubi fuskarsa. Ka shafa doron hanci, tsakanin ido da ƙofar hanci, gefe da gefe, ka kuma shafa muƙamuƙin ƙasa. In wurin ya yi tudu, fuskar ta fi ta sa'anninsa faɗi, in yana tauna a hankali kamar mai ciwon haƙori, to akwai kyakkyawan zato ciwon dusa ne, shi kuwa yana jin magani. Na taɓa samun wani akawal a ƙauye tsakanin Taura da Ringim, an gama cinikinsa da masu kai wa kudu, saura a zo da mota. Kansa ya kumbura har ragama ta matse shi. Na roƙi mai shi ya ba ni wata uku. Ko allura ɗaya ban yi masa ba. Muka janye dusa, muka cika masa harawar gyaɗa, muna barbaɗa masa garin dutsen nan da masu haɗa abincin kaji suke sayarwa, laimiston. Da Babbar Sallah ta zagayo, da shi aka yi hawa. Fuskar ba ta koma daidai ba har ya tsufa, yara suna ce masa Mai Kumatu, amma ƙafafu garau. Kada ka ce ai kana ba shi kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana da ranarta, amma ba ta zama a gurbin kalsiyam.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Kumburi mai ruwa a gwiwoyin baya duka biyu, a doki mai waɗannan shekaru, yana kai hankalina wani wurin. A bakin kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, irin farin nan da kake gani a kan ƙashin cinyar rago. A dabba mai girma da sauri, musamman wadda ake ɗura wa hatsi, wani lokaci guringuntsin ba ya nuna daidai, sai wani yanki ya tsage ko ya ɓalle ya riƙa yawo cikin gaɓa kamar tsakuwa a takalmi. Akwai gado a ciki, akwai abinci, akwai kuma wahalar da aka ba ƙafa tun ba ta ƙosa ba. Doki mai wata 18 yaro ne. Ƙashin da ke saman gwiwarsa ta gaba ba ya gama haɗewa sai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, ƙashin baya kuwa, inda sirdi yake zama, sai shekara biyar zuwa shida. Ƙannenka ba da mugunta suka yi ba, haka kowa yake yi a garuruwanmu, shi ya sa muke yawan ganin doki ya tsufa tun bai tsufa ba. Irin wannan ɓallewar in an gano ta da wuri, likitoci sukan shiga gaɓar da 'yar na'ura mai kyamara su ciro gutsuren, dawakai da yawa kuma suna komawa aiki. In aka bar ta tana gurza, sai guringuntsin ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, wani sabon ƙashi ya tsiro a gefe. Wannan shi ne amosanin gaɓa. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, ko da allura, ko da saiwa, ko da wuta.

Hoton ƙashi ne zai raba gardama. Ka nemi likitan da yake hulɗa da dawakai sosai, irin masu duba dawakan fada ko na 'yan ƙwallon dawaki a Kano, ko ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Za su lanƙwashe ƙafar su riƙe kamar minti ɗaya, su sake shi ya yi sassarfa su ga inda ciwon ya fi, sannan su ɗauki hoto. Ka tambayi kuɗin tun a waya, ka kuma tambaya ko za su iya zuwa, don doguwar tafiya a mota ita ma azaba ce gare shi. Gwiwar baya ma tana da wani abin mamaki: ƙananan gaɓoɓin da ke ƙasanta ba sa motsi sosai, in sun cinye sukan haɗe su zama ƙashi guda, zafi ya lafa, doki ya ci gaba da harkarsa. Babbar gaɓar sama da wuyan ƙafa ba sa yin wannan alfarmar.

Lalas kuma a daina.  Wuta a fata take tsayawa, ciwon yana can ciki. Abin da yake sa a ga kamar an dace shi ne hutun dole da ake ba dokin kafin ƙunar ta warke. Ku ba shi hutun, ku bar masa fatarsa.

Allurar mai kemis, ina zaton fenilbutazon ce ko deksa (wato deksametazon, maganin rage kumburi), ko an gauraya. Ta farkon tana kashe zafi ƙwarai, mu ma da ita muke aiki, amma in aka daɗe a kanta tana tona gyambo a ciki da hanji, tana taɓa ƙoda, musamman da bazara in doki bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Deksa kuma tana iya jawo ciwon cikin kofato, wanda ya fi ɗingishin da kake gudu muni. In an daɗe ana yi masa ita, ba a yankewa rana ɗaya, likita ne zai janye a hankali.

Bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Na fara aikin dabbobi tun muna cikin jihar Kano, kafin a yanke mana Jigawa a 1991, kuma a waɗancan shekarun na mallaki dokina na farko, wani kili da na saya da kuɗin adashi. Yana shekara huɗu wani guntun ƙarfe ya soke shi a wuyan ƙafar gaba ta hagu, ƙwayar cuta ta shiga gaɓar. Na kashe ƙwayar, amma ta riga ta gama da gaɓar, kuma na sani. Da na wani ne, a ranar zan gaya masa gaskiya. To nawa ne, ga magani a hannu, ga allura na iya. Sai na yi ta ba shi, ina ce wa kaina ai yana ci, ai yana haniniya. Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake. Da ya ɗauke nauyi daga ta hagu, sai ta dama ta ɗauki kayan mutum biyu dare da rana, har kofatonta ya kamu. Daga nan ya daina kwanciya, don ya gane in ya kwanta tashi aiki ne. Ana cewa doki a tsaye yake barci. Gyangyaɗi yake yi a tsaye, barci mai nauyi sai ya kwanta, ko na rabin sa'a ne a rana. Nawa ya yi makonni bai samu ba. Sai in ji tim cikin dare, in fito da fitila in tarar barci ya sace shi ya durƙushe, ya miƙe a firgice, gaban ƙafafunsa duk ya sale. Matata ta ce, "Malam, dabbar nan fa roƙonka take yi." Na ce mata ta bar aikin likita ga likita.

Ranar da abin ya ƙare, cikin Agusta ne, an kwana ana ruwa. Na fito sallar asuba na same shi kwance cikin taɓo, ya haƙa rami da ƙafafunsa garin yunƙuri, gefen fuskarsa ya gurje, idon da ke ƙasa ya cika da laka. Muka taru mu shida, muka zura igiya da taɓarya biyu ta ƙarƙashin cikinsa muka ɗaga. Ya tsaya jikinsa yana rawa kamar mazari, bai kai minti biyu ba ya sake zubewa. Sau uku muna yi. A na ukun wani tsoho maƙwabcina, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya saki igiya ya ce, "Likita, don shi kake ɗaga shi ko don kanka?" Abin da ya kamata in yi masa a inuwa, da cikinsa a ƙoshe, wata goma kafin nan, shi na yi masa cikin taɓo, yara suna leƙe ta katanga.

Saboda haka ci da haniniya kada su ruɗe ka. Doki yana ɓoye ciwo, don a daji wanda ya nuna rauni shi kura take bi, yana kuma iya ci har ranar ƙarshe. Ka riƙa duba jikinsa da safe, in akwai ƙasa a haƙarƙarinsa da gefen wuyansa, ya kwanta. Da kansa ya tashi? In ka kai shi kan yashi, yana birgima? Dokin da ya daina birgima ya gaya maka magana. Yana zuwa wurin ruwa da ƙafarsa ko sai an ja shi? Ka sami gwangwani ka ajiye a bakin barga. Ranar da ya wuni da sauƙi a jefa ƙwayar wake, ranar wahala a jefa tsakuwa. Zuciya takan riƙe rana ɗaya mai kyau ta manta goma, gwangwani ba ya yi maka wannan karar.

Ka ba shi wata biyu a kan sabon tsari. Harawa ta zama ita ce abinci, dusa ta koma abin marmari, a rage ta a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Ba sirdi, ko na ɗan kilisa. A raba shi da gajeriyar igiyar turke da dabaibayi, a kewaye masa ɗan fili a zuba yashi inda zai riƙa takawa yadda ya so, don gaɓar da ke tsaye wuri ɗaya ƙara sandarewa take yi. A gyara masa kofato duk mako shida zuwa takwas. In bayan wata biyu wake ya fi tsakuwa ba tare da allurar kullum ba, ka sami dokin gida. Ba zai bi bayan hakimi ba, amma Inna za ta ci gaba da ganinsa. Gurguntaka kaɗai ba ta isa dalilin kisa ba.

In kuwa hoto ya nuna gaɓoɓi sun cinye, tsakuwa ta cika gwangwani, ba ya iya wuni sai da allura, to ƙuruciyar nan tasa da kowa zai kafa maka hujja da ita, a kanku take komawa. Doki yana kai shekara 25 har 30. "Ai yaro ne" tana nufin akwai shekara ashirin ta wannan yunƙurin asubar a gabansa. Ƙungiyar likitocin dawakai ta Amurka tana da ƙa'idoji a kan wannan, biyu daga ciki kowane mai kiwo zai gane su: kada a bar doki cikin zafi mai ɗorewa daga ciwon da ba ya warkewa, kada kuma a ce sai da maganin kashe zafi zai yi sauran rayuwarsa.

Baffa ya ce zancen Turawa ne. Ka ce ina gaishe shi, ya tambayi limaminku abin da Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar, a babin yanka. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda a mashahurin zancensu ba a cin naman doki, sun halatta yanka dabbar da ba a ci idan an ɗebe tsammani daga gare ta, don a hutar da ita. Sharaɗin shi ne ɗebe tsammanin, shi ya sa na nace a kan hoto da wata biyun nan. Fatawa ta liman ce, ni dai aikina ya sa na sha zama gaban malamai a kan wannan mas'ala. Hadisin da maganar Inna take da ƙanshinsa gaskiya ne, an ƙulla alheri a makwarkwaɗar dawakai har ranar ƙiyama. Wanda ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku kyautata yanka, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

Ban ga laifin Baffa ba da ya yi tunanin kuɗi. Harawa ba kyauta ba ce, albashin malamin firamare kuma mun san shi. Amma na yi shekaru ina duba dabbobi a kasuwanni, gurgun doki ƙofa biyu ce gare shi. Ta farko, wani dillalin ya ɗirka masa allura da asubar ranar kasuwa, ya yi rawa gaban mai saye, bawan Allah ya kai shi gida ya yi sukuwar angwanci da shi, kwana uku asiri ya tonu, shi ma ya shiga neman wanda zai yi wa haka. Wannan algus ne, ka kuwa san hadisin wanda ya yi mana algus. Ta biyu, motar kudu. Ana lodin dawakai daga kasuwanninmu na Arewa har Obollo-Afor a jihar Inugu, inda ake yanka su a ci. Ka hango dokin da sai ka kama masa ragama yake tashi, a tsaye cikin tirela, a matse tsakanin wasu, ɗaruruwan kilomita, kowane ramin hanya a gaɓarsa zai sauka. Wanda ya faɗi a ciki tattake shi ake yi. Ga kuma fenilbutazon a jikinsa, maganin da ba a ba dabbar da mutum zai ci, saboda yana iya lalata ɓargon ɗan Adam. Abin da yake ba ni mamaki da mu shi ne, mutum zai ce tausayi ba zai bar shi ya ga an kashe dokinsa ba, sai ya karɓi kuɗi a je a kashe shi inda ba ya gani, bayan an gana masa azabar da ta ninka. An gudu gara an faɗa gidan zago, sai dai dokin ne ya faɗa, ba mai shi ba.

Akwai abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne mabuɗin rigimar gidanku. Dokin nan ba naka ba ne tukuna, dukiyar magada ce, da Inna mai tumuni, da kai da ƙannenka. Baffa ba shi da kaso tunda marigayi ya bar 'ya'ya maza, amma babba ne, da yawun marayu yake magana. Ba ka da ikon kashewa kai kaɗai, ba ka da ikon sayarwa. Ka nemi a zauna gaban liman a yi masa kima a kan kuɗin da dillali ya taya, ka karɓe shi a kasonka, ko ka riƙa biya a hankali. Da haka ka rufe bakin mai cewa ana asarar dukiyar marayu, hukunci kuma ya dawo hannun wanda yake tashi da asuba ya kama ragama.

Inna ba da hujja ake shawo kanta ba, kada ma ka je mata da maganar kisa yanzu. Ka ba ta aikin gwangwanin. Ita take wuni a gida, ta fi ka ganin ko ya kwanta ko bai kwanta ba. In tsakuwa ce ta yi yawa, da hannunta ta jefa su, ba sai ka yi dogon bayani ba.

In ranar ta zo, a zaɓi safiya, a ba shi abin da ya fi so, a kai shi da ƙafarsa kusa da ramin da aka haƙa tun jiya. Doki kilo 300 ne ko fiye, jan gawarsa ba ƙaramin aiki ba ne, ba kuma abin da Inna za ta so gani ba ne. Likita zai fara yi masa allurar da za ta natsar da shi, kai ya sunkuya, leɓe ya saki. Ta biyu a jijiyar wuya, maganin sa barci ne da ya wuce kima. Nan da nan zai zube, hankalinsa ya riga ya gushe, zuciya ta tsaya bayan 'yan mintoci. Yana iya jan dogon numfashi sau ɗaya ko biyu, ko ƙafa ta motsa. Jiki ne kawai, ba ya jin komai, na faɗa maka don kada ka tsorata. In ba a sami maganin ba, ko liman ya fi natsuwa da yanka, likita ya sa shi barci mai nauyi tukuna har ya kwanta, sannan gwanin mahauci ya yanka da wuƙa mai kaifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai kemis ya gwada hannunsa, ko a ɗura masa maganin feshi. Na ga inda aka yi, ba zan kwatanta ba. Gawar a binne ta da zurfi, kamar mita biyu, nesa da rijiya da kududdufi. Kada a feɗe, kada a ba kowa naman, don maganin yana nan a jiki, kare ko ungulun da ya ci zai bi shi.

Kafin nan dai akwai wata biyu da harawa. Ka ɗauko mini hoton fuskarsa ta gaba da waya, da ɗan bidiyo yana tafiya a kan fako ta baya, da wani yana tashi da asuba, ka aiko wa mujalla tare da sunan da ke jikin kwalbar allurar. Ka gaida Inna. Ƙannenka kuma su rataye sirdin nan a ɗaki, in sukuwa ta matsa musu ga babur ɗinka nan.